A Mayar wa 'Yan Karenni da Filinsu Kafin Lahadi

Zuwa ga Manajan Walwalar Ma'aikata,
Masaukin kamfaninmu, Lusail.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya a Al Thumama. Yaya zafin garin nan?

Ni ne Malam Iro Bakori, dattijon nan malamin jinya na asibitin masauki, wanda kake kira Baba in mun haɗu a masallaci. Sau biyu na rubuto maka da Turanci, shiru kake ji. Na ce to, watakila Turancin nawa ne ya tsufa, bari in faɗa da harshen da muka sha a nono, a gaban 'yan'uwa mazauna Doha.

Na ɗaya. A masaukin nan akwai mutum goma sha ɗaya 'yan ƙabilar Karenni, daga ƙasar Bama. Yaƙi ya kore su tun suna yara, suka girma a sansanin gudun hijira a bakin iyakar Tailan. Duk Juma'a bayan la'asar sukan yi da'ira a filin bayan kicin, da wata saƙaƙƙiyar ƙwallo kamar ƙaramin kwando. A buga da ƙafa, da gwiwa, da ka, ban da hannu. Babu raga, babu abokin hamayya, abin da ake so kawai kada ta taɓa ƙasa. Suna kuma da wata ƙa'ida: ba a fara wasa sai kowa ya hallara. Wanda ya naɗe a ɗaki, mutum biyu za su je su tsaya a kansa har ya tashi. Shekara biyu ina zama a bakin filin da abin awon jinina, ina kallo. Wallahi ba ni da ƙwayar da ta kai wannan tsayuwa a kan mutum.

Na biyu. Ofishinka ya fito da sabon jadawalin wasanni, da fom mai gurbi uku: sunan ƙungiya, sunan kyaftin, da yadda ake cin wasa. Bayin Allah nan suka bar na ukun fayau, don ba su iya ƙarya ba. Sai aka soke su, wai wasan da ba a ci ba wasa ba ne, aka ba 'yan kurket filin. Ranka ya daɗe, gaɗar da yayyenka mata suka yi a dandali, wa ya taɓa ɗaukar kofinta?

A madadin filin aka ba su awa guda ranar Talata da mai ba da shawara, a ofis mai sanyi, da tafinta ta waya. Ko mutum ɗaya bai je ba, kuma ba girman kai ba ne. Wanda ya tashi yana amsa tambayoyin soja da na jami'an sansani a gaban tebur, ba a gaban tebur zai buɗe cikinsa ba. Ko ni ba sa ce mini suna da damuwa. Ciwon kai za su ce, ko ciki ya ɗaure.

Na uku, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bu Reh, ɗaya daga cikinsu, mai walda ne, matarsa da 'ya'yansa biyu suna can sansani, shi ke ci da su. Yau Juma'a biyar ke nan ba wasa, ba kuma dalilin da zai sa a je a tashe shi. Ya daina zuwa cin abinci, wandonsa har ya fara zamewa. Ranar Larabar da ta wuce wani bututun ƙarfe ya faɗo daga mota da ƙara. Bu Reh ya faɗa ƙarƙashin motar, hannu bisa ka, aka yi ta lallashi kafin ya fito. Foman ya rubuta cewa bai dace da aiki ba. Jibi Lahadi kwamitinku zai zauna a kan maganarsa. In kun amince, a soke iƙamarsa, wato takardar izinin zama, shi ke nan, a sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ya gudo daga cikinta.

Roƙona uku ne. A mayar musu da filin, ko da rabinsa ne, da'irarsu ba ta fi faɗin tabarma shida ba. A ce wa mai ba da shawara ya bar teburinsa ya zo bakin fili ranar Juma'a, ya zauna a ƙasa kamar yadda nake yi. Sannan a ɗage maganar Bu Reh wata uku, likita ya duba shi, a mayar da shi aiki mai sauƙi kafin nan.

Ka san takardar sallamar tana da gurbin sa hannun malamin jinya. Na kuma san kafil ɗin, wato ubangidan da ke riƙe da iƙamar Bu Reh, shi ke riƙe da tawa, ga shi shekaruna sun ja, ba wani kamfanin da ke jirana. Na auna duk wannan. Ba zan sa hannu ba. In jirgi ne, a tanadi kujera biyu.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna musu ranar gudun hijira.

Wassalam,
Malam Iro Bakori.