Kambun da Bai Buɗe Ƙofar Lozells Ba

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bilkisu da yara, da sanyin unguwarku ta Withington a Manchester. Ni ce Zuwaira, daga Ladywood a Birmingham. Na kira ka har na gaji ba ka ɗaga ba. Na tura saƙo, yana nuna ka karanta, shiru kake ji. Shi ya sa na rubuto a nan zauren dangi na waya, inda 'yan uwa na Birmingham da Manchester har da na Kumasi za su gani. Ka san ni ba mai tona asirin gida ba ce. To amma gidan ma ka kwashe shi, saura me zan rufa?

Bari in tuna maka daga farko, ko ka manta.

Kai ka ce za ka kai Mma yawon teku na mako guda, kyautar cikarta shekara saba'in da biyar. Ka san inda za ka kama ta. Marigayi Baba aikin jirgin ruwa ya yi daga Takoradi ta Ghana kafin ya zauna a Birmingham, kuma tun muna yara take cewa ita dai tana so ta ga ruwan nan da ya cika mata kunne da labarinsa. Ranar da ka faɗa mata, na yi maka addu'ar da ban taɓa yi wa kowa ba. Har wajen aiki na dinga cika baki, ina cewa yayana ɗaya ne tamkar goma.

Sai ga ɗan kwali ya iso gidanta na unguwar Lozells a Birmingham. A ciki akwai awarwaro uku na roba, kowanne da ɗan ƙarfe zagayayye kamar kwabo, an zana sunan mai shi a kai. Ka taso daga Manchester ranar Asabar musamman don ka yi mata bayani. Ka ce shi ne tikiti, shi ne makullin ɗaki, kuma ta waya kowa zai ga inda ɗan uwansa yake a cikin jirgi. Ban manta maganarka ba: “Mma, da wannan ba za ki ɓata ba. Duk inda kika shiga muna ganinki.” Ta jujjuya shi a tafin hannu ta ce, “Ashe Turawa ma sun san kambu.” Tun ranar ta ɗaura nata, saura mako shida a tafi. Ko alwala za ta yi, sai dai ta tura shi sama wajen gwiwar hannu.

Ta ɗauki naka ta miƙo mini ta ce in ajiye wa “wancan yaron”. Muka yi dariya. Shekara hamsin da biyu ke nan Mma ba ta taɓa kiran sunanka ba, saboda kai ne ɗan fari. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan babban ɗanta, sai ta kalle ni in amsa.

A ranar ce kuma ka yi mana rajistar shiga jirgi. Ka tsayar da ita jikin farin bangon falo ka ɗauki hoto, ka ɗauki na fasfo, ka zaɓa mana lokacin shiga, ƙarfe sha biyu da rabi. Sannan ka zaro wasu takardu daga jakarka ka ce ta sa hannu, na jirgi ne. Idonta ba ya ganin layi sosai. Ni na ɗora yatsana a wurin na ce, nan Mma. Ni na riƙe mata takardar kada ta zame. Yaya, wannan yatsan nawa nake kallo kullum in ji kamar in cire shi.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba ka ɗauke mu a motarka har Southampton. Mma ta sha sabon lufaya, tana ta ba mu labarin Baba a hanya, kai kuma kana ta amsawa da “haka ne, Mma”. Masu ɗaukar kaya suka karɓi akwatunanmu a bakin ƙofa. Sai yanzu nake tuna cewa biyu ne kawai, naka ka ce ƙaramar jaka ce, tana bayan mota. Awarwaronka da na ajiye maka ka karɓa ka ɗaura, yana hannunka, na gan shi da idona. Ka ce, “Ku shiga layi, bari in kai mota fakin, five minutes.”

Muka shiga layi. Ma'aikata suka kawo wa Mma keken guragu ta ce Allah ya sawwaƙe, da ƙafarta za ta shiga. Da muka iso gaba, wata yarinya ta nuna mata wani ɗan gilashi ta ce ta kara hannu. Ta kara, ya kawo kore, sai ga fuskarta ta fito a allo. Yarinyar ta yi mata maraba da sunanta. Mma ta juyo tana washe baki ta ce, “Ke, sun san ni!” A kan gadar da ake bi a shiga jirgin ta tsaya cak, mutane na wuce mu, tana waigen ƙofa. Na ce ta taho, kana bayanmu. Wallahi a lokacin haka na ɗauka.

Muna shiga ɗaki na buɗe wayata. Ga ɗigo biyu a hawa na tara, ni da Mma. Naka yana nan toka-toka, bai kunnu ba. Aka tara mu aka nuna mana yadda ake sa rigar ceto, ina kallon waya. Jirgi ya yi ƙara ya fara ja da baya daga gaɓa, ina kallon waya. Sai da ƙasa ta yi nisa saƙonka ya shigo: aiki ya taso a kantin magani, ku ji daɗinku, zan yi bayani.

Washegari da safe na je teburin ma'aikata, wai ni mai hankali, in tambaya ko za ka iya tarar da mu a tasha ta gaba. Matar ta duba ta ce ai an cire sunanka daga tafiyar tun mako uku da suka wuce. Ka ga ke nan awarwaron da ka ɗauro mana a mota mataccen abu ne, don ado ka sa shi. Duk da haka ban kawo komai a raina ba sai cewa ko kai da Anti ne kuka samu saɓani. Wauta dai ba ta wuce tawa ba.

Na faɗa wa Mma gaskiya, ta ƙi cin abinci. Kafin gari ya waye ta manta, ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake shiga damuwa kamar yau ta fara ji. A rana ta uku na kasa. Na ce kana hawan ƙasa, jirgin ne da girma. Daga nan kullum sai ta naɗe kifi da burodi a tsumma ta ce a kai wa wancan yaron.

Amma ta ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Ta ga ruwan Baba. Abin da ya fi burge ta shi ne ƙofar ɗakinmu. Ta ɗaga hannu, ƙofa ta yi ƙas ta buɗe. Sai ta fita da gangan ta dawo, don dai ta sake. Ta ce in mun koma gida a sa mata irinta, ta huta da neman makulli.

Ana gobe za mu sauka ka sake turo saƙo. Wai mota za ta jira mu ta kai mu Manchester kai tsaye. Wai ka samar wa Mma care home, gidan kula da tsofaffi mai kyau, minti goma daga gidanka, akwai abincin halal, ka gama komai. Na karanta “na gama komai” ya fi sau ashirin. Ban shiga motarka ba. Jirgin ƙasa muka hau zuwa Birmingham.

La'asar sakaliya muka iso Lozells. Na sa makulli ya ƙi shiga, an canja kwaɗon. Na leƙa ta taga, babu labule, babu kujeru, sai shatin hotuna a jikin bango. Mma ta ture ni gefe ta ce, “Matsa, ba ki iya ba.” Ta ɗaga hannu ta kara kambunta a jikin ƙofar da ta shekara talatin da ɗaya tana shiga. Ta jira. Ta goge shi da bakin lufaya ta sake karawa. Yaya, sau huɗu.

Tsohuwar nan 'yar Jamaika ta gidan kusa ta fito, tana ganin Mma ta fashe da kuka. Ta ce washegarin tafiyarmu babbar mota ta zo, kai da kanka kana nuna abin da za a ɗauka. Ita ta zaci Mma ta rasu ne, har ta ji haushi ba a gaya mata jana'iza ba. A nan na gane takardun “na jirgi”. Takardar mayar wa masu gida gidansu ce.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in faɗa maka shi da kaina. Mma ta faɗi a matakala sau biyu. Ta bar tukunya a wuta har hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara. Ni ina aikin kula da tsofaffi, na fi ka sanin inda ciwon mantuwa yake kai mutum. Da ka zauna da ni, da mun yi faɗa, da na zage ka a raina, da wataƙila mun samu mafita. Amma ka san zan ƙi, sai ka mai da ni 'yar rakiya. Ka sa ni na nuna mata wurin sa hannu, ka sa ni na ja ta ta haye gadar, ka sa ni na yi mata ƙarya kwana biyar a tsakiyar teku. Ka ci amanata, ka ci tata, kuma da hannuna ka ci. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Tana wurina yanzu, a flat ɗina mai ɗaki ɗaya a hawa na bakwai. Ita ke kan gado, ni ina falo. Ba za ta je Withington ba muddin ina numfashi. Ina so ka dawo mata da keken ɗinkinta da buzun sallar Baba, in ba ka zubar ba. Sauran ka riƙe. Ina kuma so ka zo ka durƙusa a gabanta ka faɗa mata da bakinka, don ni na daina yi maka ƙarya.

Har yau kambun yana hannunta. In ta leƙa taga ta ga tsayin benen, sai ta ɗauka muna cikin jirgi. Jiya da hantsi ta ce in duba waya in ga hawan da kake. Na ce Mma, bai shigo ba, tun farko bai shigo ba. Ta daɗe tana murza ɗan ƙarfen nan da babban yatsa. Sannan ta ce, “To je ki gaya wa direban ya dakata. Habibu bai shigo ba.”

Ka ji, ta kira sunanka. Na so a ce kana wurin, kai da ka shekara hamsin da biyu ba ka taɓa jin sa a bakinta ba.

Har yanzu yayana ne kai, wanda ya goya ni zuwa makaranta ranar da takalmina ya tsinke a dusar ƙanƙara. Shi nake rubuta wa. Allah ya tausasa zuciyarka, ya kawo ka tun tana gane fuskarka. Allah ya ba Mma lafiya, ya jiƙan Baba, ni kuma ya yafe mini yatsan da na nuna. Amin.

Ƙanwarka,
Zuwaira