Mayen Ƙarfen Tela

Gaisuwa mai tarin yawa daga Babban Injiniyan Rediyo, likitan talabijin, wanda in ya taɓa matacciyar waya sai ta tashi tayi magana, zuwa ga Yaya, da maigidanta sarkin munshari, da yara, da jikoki, da maƙwabtan dama da na hagu, har da magen nan taku mai raina mutane. Kowa ya ɗebi rabonsa, banda wawaso.

Yaya albishirinki. Na gano inda jirgin saman su 'yata Tela yake. Shekara biyu masu digiri suna leƙen teku, ni ƙaninki ina zaune a shago na warware musu. Wani da ya kawo gyara ne ya nuna min a wayarsa, ashe rana lantarki gareta kamar taransifoma. Wani lokacin sai tayi atishawa, lantarkin ya fantsamo ya zama mayen ƙarfe a sama, duk ƙarfen da ya gitta ya zuƙe shi. To jirgi menene? Ƙarfe! Yana can a maƙale kamar ƙusa a bayan sifika, 'yata tana ciki. Ranar da ya ɓace rediyo uku a shagona sukai ta shuuu, ni shaida ne.

Na yiwa mai shayin ƙofar shago bayani har da zane, yace Injiniya ka sha maganinka kuwa? Yanzu ba mai zama a bencina, duk sun koma wajen mai faci. Oho musu. Ni da rediyoyina mun isa majalisa, su basa katse ni.

Naku har kullum,
Injiniya

*

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kowa ya karɓi rabonsa, magen ma.

Ba zan yi maka gardama a kan rana ba. Mijin Tela ya sake kirana. Takardar da za ta tabbatar da rasuwarta kai kaɗai take jira, tun da kai ne mahaifinta, kuma sau uku ke nan ana aiko maka. Mun sa ranar yi mata addu'a ƙarshen wata, ba ma so mu yi babu kai. Yaron nan bai ce aure zai yi ba. So yake a bar shi ya yi kukan matarsa kamar kowa.

An ce mini ka rame, ka daina ɗora tukunya. Ni na goya ka, na san dariyarka ta gaske, na san ta ƙarya. Me ya hana ka sa hannu? Faɗa mini.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Ni na rame? Ni da ƙofar shago take min kaɗan sai na karkace? Wanda ya faɗa miki ya kawo idonsa in duba masa fis.

To shikenan. Wannan ki karanta ke kaɗai, kar ki miƙawa sarkin munshari.

Kin san Tela da zubar da allura. Tun tana koyon ɗinki nake taka su a tsakar ɗaki. Da zata tafi wajen mijinta na rasa me zan bata. Sai na fasa wata tsohuwar sifika, irin manyan nan na taro, na ciro mayen ƙarfen, faɗinsa kamar faranti. Na goge shi tas, na naɗe a tawul, na cusa a ƙasan akwatinta. Nace gashi ki riƙa tsince allurarki kar ki tsire ƙafar ɗan mutane. Tayi dariya tace kai Baba, kai dai baka rabo da kayan bola.

Yaya ni nasan aikin mayen ƙarfe, shekara talatin ina cin abinci dashi. Ki matsa dashi kusa da talabijin kiga yadda kala take hargitsewa. Agogo ma tsayar dashi yake. Jirgi kuma ance da wata 'yar allura yake gane gabas da yamma. To in ba rana bace, waye? Duk safiya in na ɗaga ƙofar shago da wannan tambayar nake cin karo. Mutum sama da ɗari biyu Yaya, har da jarirai. In na sa hannu an rufe magana, ba wanda zai ƙara duba rana, sai a barni ni kaɗai da abinda na sani.

Kai na cika surutu. Ki yaga takardar nan in kin gama.

Injiniya

*

Ƙanena,

Shekara biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, kana yi mana barkwanci? Allah ya shirye ka.

Ka manta a gidana ta sauka kafin ta wuce filin jirgi? Mun ɗora akwatin a sikeli, ya wuce nauyin da aka yarda. Ta zazzage kayan a kan gadona, ta cire takalma biyu da wani ƙarfe mai nauyi a cikin tawul. Ta ce, "Gwaggo, ajiye mini, kada ki faɗa wa Baba, zai ji ba daɗi." Ƙarfenka bai hau jirgin nan ba. Yana cikin tarkacen ɗakin ajiya, sai dai na bincika.

Ka sa hannu, ka taho. Na share maka ɗaki.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayarka

*

Yaya,

Na karanta sau bakwai. Na kashe rediyoyin duka, shagon yayi tsit har ina jin fankar maƙwabcina. Takardar sa hannun tana gabana, biro ma na aro wajen mai faci.

Tawul ɗin wace kala ce? A'a bari, kar ki faɗa.

Ki bawa direban motar safe ya kawo min shi. Ranar da ya iso zan sa hannu in biyo motar. In kin duba baki ganshi ba, akwai masu saida tsofaffin sifiku a bayan kasuwa, kice mai faɗin faranti kike so. Ki naɗe shi da kyau, ki ɗaure. Bazan kwance ba.

Dan Allah ki aiko min.

Ƙaninki