Kawaicin da na yi wa yayar mijina a kan tafiyar gasar ƙanƙara

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a taimaka a cire sunana, don Doha ga Bahaushe ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Na san duk da haka wasu za su gane ni, to su gane ɗin, na gaji da haɗiyewa. Don Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara tsakaninku da Allah.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan, muna zaune a Old Airport ni da maigidana da yaranmu uku. Shi gyaran injinan sanyi yake yi, kamfaninsu ne ke kula da filin ƙanƙarar da ke cikin wani babban mol, irin wanda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana zamiya a kai. Babbar 'yarmu, zan kira ta Ummi don sunan kakarta ta ci, tun tana ƙarama idan ina diyuti ranar Asabar shi yake tafiya da ita wurin aiki, ba mu da mai riƙe mana ita. A haka ta koyi tsayuwa a kan ƙanƙara, ta koyi gudu, har wata koci da ke horar da yara a wurin ta ce yarinyar nan a bar mata ita. Shekaru ke nan tana tashi da asuba ta je atisaye kafin makaranta, ƙafarta duk kanta, ɗankwalinta na ƙarƙashin hular kwano, ni da hannuna nake ɗinka mata ɗan siket ɗin da take ɗorawa a kan kayan tseren. Bara aka turo cewa an zaɓe ta cikin 'yan yaran da za su wakilci Najeriya a gasar wasannin hunturu ta matasa, wadda ƙasashe da yawa ke haɗuwa a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Yaran ba su da yawa, kusan dukansu irin nata ne, waɗanda suka tashi a waje.

To ga inda matsalar take. Ummi 'yar fari ce, ni kuma irin tarbiyyar gidanmu ce da ni, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yaba ta a gaban mutane ba, ita ma Anti take ce min. Ranar da saƙon ya zo banɗaki na shiga na yi kukana na farin ciki, na wanke fuska na fito na ce mata to Allah ya taimaka, a je a wanke kwanuka. Amma a ɓoye na fara shiri, tunda an ce kowace yarinya sai da mace babba da za ta raka ta. Na roƙi wata abokiyar aikina muka yi musayar shif, na cinye diyutin da ba nawa ba don in tara hutu, har rigar sanyi na saya na tura ƙasan akwati.

Maigidana yana da yaya mace a nan unguwar Muntazah, sayar da abaya da turare take yi tana aikawa Kano, dukanmu Yaya muke ce mata. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta samo masa kafil ɗinsa na farko, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar aiki, wannan ba na musunsa kuma ba zan taɓa musunsa ba. Amma matar nan tun da Ummi ta fara wasan nan ba ta taɓa taka filin ba, kullum maganarta ɗaya, wai mun saki 'ya mace tana tsere kamar ɗan maraƙi, wai wasan 'ya'yan Turawa ne, wai ni boko ya cinye min kai. Sai da ta ji an ce biza da jirgi da masauki duk an ɗauke wa mai rakiya, sannan wasan ya zama abin alfaharin zuri'a.

Wata Juma'a muna cin abinci a gidanta, ga maigidana, ga wasu mata biyu ƙawayenta, sai ta ɗago maganar ta ce to wa zai raka yarinyar. Kowa ya juyo ya kalle ni. Ku da kuka san al'ada kun san abin da ake yi a nan, uwa ba ta cewa ni, sai ta ture, babba kuma ta ture mata, a yi ta turawa har a ce haba ke dai ki je, mun yafe miki. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Ai 'yarku ce Yaya, ni mene ne nawa a ciki.” Wallahi ban rufe baki ba ta ce, “To khalas, gobe a zo a karɓi fasfo ɗina.” Na jira ta yi dariya ta ce wasa take yi, ba ta yi ba. Na kalli maigidana, ya dage da tsince ƙashin kifi kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan. Matar da ta shekara hamsin a duniya ba za ta ce min ba ta san kara ba, ta sani sarai, gani ta yi ƙofa ta buɗe ta faɗa.

Suka tafi, ni kuma na cinye hutuna a falo da waya a hannu. Tun ranar farko na fara ganin abin da ban gane ba. Yaya ta cika status da hotuna, ga ta cikin dusar ƙanƙara, ga ta a gaban tutoci, kuma jaket ɗin da ke jikinta kore da fari na tawaga ne, wanda aka ba yaran, har da sunan Ummi a baya. Daga baya na ji cewa ta yi tata rigar ba ta ɗumi kuma ba ta kyau a hoto, ita yarinya ai jininta da zafi. Ranar bikin buɗewa aron jaket ɗin wani yaro Ummi ta yi, hannun ya rufe mata yatsu, a haka ta yi maci a bayan tutar ƙasarta. Na gani a talabijin na ce ba komai, a dai yi tseren lafiya.

Zagayen farko ta tsallake, yarinyar da ta koyi abin nan a mol tsakanin shagon takalma da na askirim ta wuce 'ya'yan da aka haifa cikin ƙanƙara. Ƙannenta suka yi ta tsalle a kan kujera, babansu ya yi sujada. A zagaye na biyu ne wajen shan kwana ƙafarta ta goce, ta tafi da gudun ta bugi katifar bango. Na ga yadda ta riƙe hannu na san an samu matsala, aikina ne. Ta tashi a haka ta ƙarasa tseren ita kaɗai, duk sauran sun gama, mutanen wurin suka miƙe suna tafa mata. Tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu. Kocinta ce ta kira ni daga ɗakin likita, na tambaye ta ina gwaggon yarinyar, ta ce motar da ke kai baƙi kasuwa ce za ta tashi, Yaya ta ce za ta je ta dawo. Baƙuwa wadda ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ita ta zauna ta riƙe wa 'yata kai ana naɗe mata hannu, gwaggonta ta jini kuma tana can tana taya jakunkuna.

Duk wannan da zan iya haɗiye shi, na saba. Abin da ya tsaya min a wuya bidiyo ne. Ashe lokacin tseren Yaya tana ɗauka da wayarta, kuma muryarta ta fito tar. Daidai faɗuwar sai ka ji ta kwashe da dariya har da shaƙewa, tana cewa, “Yalla, ga ta nan tim! Ni dai na faɗa muku, Bahaushe da ƙanƙara sai a cikin zoɓo.” Tashin da yarinyar ta yi da tafin da aka yi mata duk babu, a nan ta yanke. Ta tura wa guruf ɗin matan da take kasuwanci da su, daga nan ya fita, ya zaga Doha, ya je Kano ya dawo, wani ɗan banza ya ɗora masa kiɗa. Kafin jirginsu ya sauka 'yan ajinsu Ummi sun gani. Yanzu a makaranta akwai masu ce mata Zoɓo. Sau ɗaya tak na iya kallon bidiyon nan. Mace ta haifi 'ya'ya, ta yi jikoki, ta je Makka ta dawo, ta zauna tana ƙyaƙyata dariya 'yar ƙaninta na kwance a ƙasa da karyayyen hannu.

Da na yi wa maigidana magana cewa ya yi shi ma abin ya yi masa ciwo, amma Yaya uwa ce a gare shi, kuma haka bakinta yake tun suna yara, in yi haƙuri. Na ce ya je ya same ta ko a keɓe ne, ya ce zai je, har yau yana zuwa. Ita kuwa ko a jikinta. Da ta ji ƙishin-ƙishin raina ya ɓaci sai ta aiko min da turare da saƙon murya, wai yaran yanzu ba su san wasa ba, wai ai gwaggo abokiyar wasa ce, wanda ni a garinmu ban taɓa jin haka ba, kaka na sani. Jaket ɗin ma sai da aka aika ƙanin Ummi ya karɓo, ya dawo yana warin humra.

Yanzu ƙungiyar 'yan ƙasarmu na nan sun shirya walima Juma'ar nan mai zuwa a wata gona a Umm Salal, wai za a karrama Ummi da uwar da ta raka ta, haka suka faɗa. Rabin waɗanda za su zo sun kalli bidiyon, wasunsu ma su suka yaɗa shi, za su zo su ci shinkafa da rago su yi kabbara. An kuma tsara cewa ni zan miƙe a gaban mata, tunda uwa ba ta yabon 'yarta, nawa shi ne in gode wa Yaya a kan ɗawainiya, in miƙa mata turmin atamfa na tukuici. Maigidana har ya sayo atamfar.

Ummi tun da aka cire mata bandeji ba ta koma filin ba. Kocin ta kira ya fi a ƙirga, ta ce akwai wata gasar a gaba kuma yarinyar tana da dama, amma in ta ƙara daɗewa a zaune za a ba wata gurbin. Shekaranjiya ina yanka albasa a kicin ta shigo ta tsaya a bayana, sai ta ce, “Anti, ni ba dariyar Gwaggo ce ta fi damuna ba. Ina bakin ƙofa ranar da kuke cin abinci a gidanta, da kunnena na ji kin ce mene ne naki a ciki.” Na buɗe baki in gaya mata kara ce, in gaya mata hutun da na tara, wallahi maganar ta ƙi fita, shekara goma sha biyar ban saba ba. Yarinyar da ta tashi a Doha ina ta san ana cewa a'a alhali ana nufin e. Ta ce idan na miƙe ranar Juma'a na gode wa matar nan, ita ta gama da ƙanƙara, kuma kada in ƙara tambayarta me ke damunta, za ta koyi irin shirun da nake yi.

To jama'a ga inda nake. In na ƙi zuwa, an ce na wulaƙanta dangin miji a bainar jama'a, kuma na san maigidana ba zai ɗauke shi da sauƙi ba, mutumin kirki ne, a kan Yaya ne kawai ba ya gani. In na je na miƙe na faɗi abin da ke raina, na zama marar kunyar da ta tsaya tana yabon 'yar fari tana tsinka surukarta, har garinmu sai labarin ya kai wa mahaifiyata. In kuma na yi abin da aka tsara, na yi murmushi na miƙa atamfa, to kowa ya ji daɗi ban da yarinyar da ta tashi da karyayyen hannu ta ƙarasa tserenta.

Iyaye mata na gidan nan, musamman masu 'ya'yan fari da suka tashi a waje, ya kuka yi da taku kunyar? Akwai hanyar da zan ƙi wannan godiyar ba tare da na rusa gidana ba? Malamai kuma ku gaya min, kawaicin da zai sa 'yarka ta ɗauka ba ka sonta, har yanzu sunansa kawaici? Don Allah kada ku ce min in yi haƙuri kawai, shi na yi ta yi har muka iso nan. Juma'a ta kusa, kuma Ummi ta ce za ta zauna a layin gaba ta ga abin da zan yi.