Muryar Kaka a Waƙa ta Huɗu

Dalcahue, 6 ga Mayu

Zuwa ga jikana Amaro, mai gashi har gadon baya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Puerto Montt, yaya maƙogwaro? Ina tambayar maƙogwaron ne saboda na ji abin da kake yi da shi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da gwiwata ta hagu, su biyun ba sa hutu. Takarda na rubuto don a waya ba ka barina in kai aya, da na ja numfashi sai ka ce "To Kaka, sai anjima."

Faifan ƙungiyar kiɗanku ya iso ta hannun direban bas. Na saurare shi tun daga farko har ƙarshe ina ferar dankali. Waƙar farko na zaci injin kwalekwalen kawunka ne ya sake lalacewa. Kyanwa ta fita, ba ta dawo ba sai Talata. Kuma ban gane dalilin da zai sa kowace waƙa ta ci minti goma sha huɗu ba, ta yi gudu, ta tsaya, ta yi kamar za ta yi kuka, ta sake zabura kamar an taka mata wutsiya. Amma da aka zo ta huɗu, ganguna suka yi tsit, na ji muryata tana rera kiran rakiyar mamaci, wanda na gada wurin uwata, wanda na yi shekara hamsin da ɗaya ina yi a kan gawawwakin garin nan, sai na ajiye wuƙar. Kun bar gurbin amshi babu kowa, shiru na tsawon numfashi uku, sannan ka shigo da gurnaninka. Idona ya yi ruwa. Hayaƙin murhu ne, kada ka ɗaga kai.

Maƙwabciyata Ubaldina tana karanta mini abin da mutane ke rubutawa a kanku a waya. Wani ɗan Poland ya ce sai da ya tsayar da motarsa a gefen titi. Wata 'yar Mexico ta ce ta tuna kakarta. Wani kuma ya ce kun cika iyayi, irin kiɗanku na metal na gaskiya ba ya buƙatar tsohuwa. Na ce wa Ubaldina ta tambaye shi wa ya haifi uwarsa, ta ƙi rubutawa.

Duk wannan bai taɓa ni ba, baƙi ne. Wanda ya taɓa ni Rigoberto Oyarzo ne, mai shirin kiɗanku a rediyon gari ranar Asabar da la'asar, wanda kuke ɗauka kamar bishop, shugaban limaman coci. Da kunnena na ji ya ce: "Wannan ba mai addu'ar makoki ba ce. 'Yar wasan kwaikwayo suka ɗauko daga babban birni Santiago, ko ma na'ura. Ni ɗan tsibirin nan ne, na san yadda ake yi. Shirun nan da suka bari kuma rami ne kawai, sun rasa abin sawa." Ya cire faifan tun waƙar ba ta kai rabi ba.

Na san ni na hana ku sa sunana don kada Fada, limamin cocinmu, ya ji. Amma Rigo? Shekara shida da suka wuce ni na raka uwarsa Clorinda da wannan kiran, yana durƙushe kusa da ƙafata, majina har gemu. Yau ni ce na'ura.

Ka ci abinci, ka rufe wuyanka.

Kakarka,
Eduvina Cárcamo

Dalcahue, 15 ga Mayu

Amaro,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Ina fata jikinka lafiya, tunda kanka dai na ga ba lafiya.

Saƙonka ya iso. Wai ƙarshen wata za a buga muku babban faifai baƙi, kuma kai da abokanka kun yanke shawara ku cire waƙa ta huɗu, "don kada a ƙara yi wa Kaka dariya." Sannu mai tausayi! Ka tsaya gaban jama'a da hoton ƙoƙon kai a ƙirji kana ruri kamar sa a mahauta, amma mutum ɗaya mai tumbi ya yi tari a rediyo ka nemi ƙarƙashin gado. Ba ni kake karewa ba, ja'iri, kanka kake karewa. In ka cire waƙar nan, ka sa hannu ke nan a kan cewa ƙarya ce. Uwata ba ta iya rubuta sunanta ba, wannan kiran kaɗai ta bar mini, kuma ni kaɗai na rage mai yin sa da wannan muryar. Ba zan mutu garin nan yana cewa 'yar Santiago ce ba.

Na yi kwana tara ina dafa Rigo a raina. Na fara tunanin tona yadda ya jiƙa wandonsa ranar da ya fara karɓar Jibin Ubangiji a coci, gaban Fada da kowa, don ni na ara masa na ɗana. Ubaldina ta ce, "Haba comadre, aminiyata, ai rabin garin sun sani." Na yi tunanin hana shi irin dankalina na bana, sai na tuna malalacin ko gona ba shi da ita. Na haɗu da shi a bakin tashar jirgin ruwa ranar Laraba, da baƙar rigarsa da gashinsa da ya gudu daga gaba ya taru a ƙeya. Har da rusunawa: "Doña Eduvina, yaya gwiwa?" Na ce, "Tana nan, ɗana, ta gaskiya ce, ba na'ura ba." Ya yi dariya bai gane komai ba. Kunnen da ya yi shekara talatin manne da lasifika, me zai ji?

A hanyar gida abin ya faɗo mini. Ba zan faɗa maka ba, don bakinka ba ya riƙe ruwa. Abu biyu nake so. Kada ka taɓa waƙar nan kafin Lahadi. Kuma ranar Asabar ƙarfe huɗu ka tara 'yan ƙungiyar taku masu kama da masu zaman makoki, ku kama tashar rediyon garinmu.

Na sa maka wainar dankali guda shida a jaka. Biyar naka ne. Ɗaya na mai gangan ne, shi kaɗai ya gaishe ni da kyau.

Wadda ta yi maka wanka har ka shekara bakwai,
Eduvina

Dalcahue, 21 ga Mayu

Zuwa ga jikana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kai, yaya abokan aiki? Gwiwata ta yi sauƙi, ban san dalili ba, ko kuma na sani.

Ka ji abin da ya fita ta rediyo, amma ba ka ga abin da na gani ba. Na sa baƙin mayafina na makoki, na hau matakalar nan goma sha tara zuwa ɗakin tashar. Ka san yadda ake yi, duk mai saƙo zuwa ƙananan tsibirai ana ba shi makirfo, ko tsakiyar wane shiri ne, balle mai sanarwar rasuwa. Da Rigo ya gan ni da mayafin sai ya rage kiɗa ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wa muka rasa, Doña?" Na ce, "Matsa, za ka ji."

Na zauna, na gyara makirfon. Na ɗauko kiran tun daga ƙasan ciki, yadda na yi wa Clorinda: Ya ke rai mai tafiya, ga hanya a buɗe. Sannan na yi shiru na zuba masa ido.

Numfashi ɗaya. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Numfashi biyu, leɓensa ya fara rawa. Amaro, duk wanda aka haifa a tsibirin nan ba ya iya barin wannan kiran a rataye, ko da ya shekara ashirin a Santiago yana cin abincin gwangwani. A na uku bakinsa ya buɗe da kansa, hannunsa ya tafi goshi ya yi alamar gicciye, ya amsa cikin makirfo da muryar ɗan akuya: Ki tafi da haske, kada ki waiwayo. Ubaldina ta ce a kasuwar kifi maza sun cire hula sun amsa tare da shi, har da mai sayar da kaguwa da ba ya zuwa coci.

Na ce, "To, ka ji ramin. Wurin masu rai ne, yaran suka bar maka, kai kuma ka zage su." Ya ce, "Doña... ke ce?" Na ce, "A'a, 'yar Santiago ce. Sa faifan, daga farkon waƙar, kuma in ka taɓa maɓallin nan kafin minti goma sha huɗu su cika, zan ba jama'a labarin wani wando." Ya sa. Ya zauna yana share fuska da baƙar rigarsa har ta ƙare. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayinsa, don uwarsa ya tuna ba ni ba. Tausayin ya kai kamar rabin minti.

Fada ya ji, ba shakka. Bayan sujadar Lahadi a coci ya ce mini gangunan sun yi yawa, amma ya tambayi inda ake samun faifan.

Na ga saƙonka cewa waƙar tana nan daram. Da ma. Yanzu ka sa sunana a bayan faifan, cikakke, da na uwata Rosalba a ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda mutum zai iya karantawa, ba irin rubutunku mai kama da ƙaya ba.

Jiya Rigo ya zo har gida da buhun itace, yana murza hula. Ya nemi gafara, sannan ya ce in ranarsa ta zo yana so ni in raka shi, sai kuma ya yi dariya wai ai zan riga shi. Na ce, "Da wannan tumbin? Zan raka ka, ɗana. Amma zan gargaɗi kowa kada ya amsa, ka kwanta ka ji ko rami ne."

Itacen na karɓa. Busasshe ne, yana ci da kyau.

Kakarka mai ƙaunarka,
Eduvina Cárcamo