Ƙafar Shahba ta Hagu

Litinin, 13 ga Janairu 2025
Ƙafar Shahba ta gaba, ta hagu, akwai zafi a bayan ƙwauri. Da safe na shafa na ji. Shekara huɗu ina kula da goɗiyar nan a bargar kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, a Abhur, ko atishawa ta yi na san dalili. Na faɗa wa Mazen, ɗan kafili, tunda shi zai hau ta ran Asabar, tseren kilomita ɗari da ashirin cikin rairayi. Idonsa na kan waya. "Sa mata ƙanƙara, ya Isha'aku. Halas, shi ke nan." Ƙanƙara! Sai ka ce ƙanƙara na ɗinke jijiya.

Alhamis, 16 ga Janairu
Zafin ya ragu. Ko ni ne nake so ya ragu. Na sake magana, ya ce tun bara yake jiran tseren nan. Mazen ba mugu ba ne, kullum da dabinonta a aljihunsa. Kunne ne dai babu.

Asabar, 18 ga Janairu
Innalillahi.

Bayan zagaye na uku muka sauke sirdi, muka yi ta kwarara mata ruwan sanyi har bugun zuciyarta ya sauka. Saura in ja ta a guje gaban likita, ya ga ko tana ɗingishi. In ya gani, an cire ta daga tseren, shi ke nan ta huta. Kuma tana ɗingishin. Duk sanda ƙafar ta taɓa ƙasa sai ta ɗaga kai, ko makaho ya gani.

Mazen ya matso. "Matse ragamar, ya Isha'aku. Saura kilomita ashirin kawai. Yalla."

Duk mai aikin doki ya san dabarar. Ka riƙe igiyar gajere, daf da haɓa, ka danne, kan ba zai motsa ba. Da na saki igiyar kamu ɗaya kacal, da likita ya gani. Kamu ɗaya! Babu wuƙa a wuyana. Iƙamata na tuna, takardar izinin zamana a ƙasar nan, da fuskar kafili, na matse. Ta bi ni tiɓis-tiɓis don ta yarda da ni. Likita ya ɗaga hannu, mun wuce.

Ina bin su a mota da jarkokin ruwa. A kilomita na tara na hango sun tsaya. Tana kan ƙafa uku, ɗayar na lilo. Mazen na riƙe da linzami yana kuka kamar mai goyo ta yar da shi.

Lahadi, 19 ga Janairu
Likita ya ce ƙashin ya tsage, jijiya ta tsinke, babu gyara. Allurar mutuwa aka yi mata. Ni na riƙe mata kai.

Laraba, 22 ga Janairu
Mazen ya zo barga, ido jajir. "Kai ka san ta. Me ya sa ba ka hana ni ba?" Wallahi bakina cike yake da magana, kamar in shaƙe shi. Na ce, "Haka Allah ya so, ya ustaz." Na tsani kaina da wannan amsar. Allah bai riƙe igiya ba, ni na riƙe.

Juma'a, 24 ga Janairu
Mariama ta kira daga Tawa, ta ce muryata wani iri, mura ce? Na ce mura ce. Ya zan ce wa matata doki nake wa kuka?

Lahadi, 9 ga Fabrairu
An kawo sabon doki jiya. Ja ne, shekara shida, ƙafafu lafiya lau, na duba sau biyu. Mazen ya ce akwai tsere a Maris. Na ce to.

Na wanke shi, na zuba harawa, na rufe ƙofa. Ya miƙo hanci yana shinshinar rigata, na matsa gefe, aiki ne ya yi min yawa. Sunansa na jikin takardar da suka maƙala a ƙofa. Ban karanta ba tukuna.