Batir Biyu da Dashen Lemo

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarka da ta karye tana sauƙi. Har yanzu babu sabis a gonar nan, shi ya sa na ba mai babur wannan takarda.

Rijiya ta ƙafe. Dashen lemon da yayanka ya bari ya fara naɗe ganye, kuma tankar ɗebo ruwa ta ƙi tashi tun rasuwarsa. Maƙwabcinmu direba ya ce batir ne. Na jona wayar caji ta ƙaramin janareta, ya yini yana shan mai, motar ko tari ba ta yi ba. Kai da kake cika baki kai ne sarkin wayarin, ga ranarka. Lemon nan kaɗai ya rage mini daga yayanka, ina jin tsoro.

Ka gaida amarya.
Matar yayanka

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa na nan cikin filasta, da na zo da kaina. Takardarki sai da ta kwana biyu a aljihun mai babur.

Asarar mai kawai kika yi. Wutar janaretan sha biyu ce, motar kuma ashirin da huɗu take so, ƙarami ba ya tura wa babba wuta. Amma ki leƙa akwatin batir na motar, batir biyu ne aka haɗa da gajeriyar waya. Ki kwance ta, ki yi cajin kowane shi kaɗai, jar waya a kan alamar tarawa. Kada ki bari sufana ta taɓa kawunan batir biyu lokaci ɗaya. Cajin ba ya sauri, sai haƙuri.

Allah ya jiƙan marigayi.
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Haƙuri ka ce? Je ka faɗa wa lemo. Na raba su yadda ka rubuta, har na fasa farce. Na farko ya cika. Ana tsakiyar na biyu mai ya ƙare, mai babur kuma sai wani mako. Direba ya ce mu gwada a haka, muka gwada, motar ta yi gurnani sau ɗaya ta yi shiru, cajin da na tara ya tafi.

Ruwan wanke-wanke nake zuba wa layin bakin ƙofa. Na bayan gona na daina zuwa wajen, ba na iya kallo. Wallahi na gaji, Auta.

Matar yayanka

*

Yaya,

Ga galan ɗin mai na aiko. Ki fara da wanda bai cika ba. Don Allah ki ci abinci.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Motar ta tashi jiya, direba ya cika ta a kogi. Kafin ya buɗe famfo na bi layi-layi ina kankare ɓawo da wuƙa, ko zan ga kore. Babu ko ɗaya, har na bakin ƙofa.

Ya tambaye ni inda zai zuba ruwan. Har yanzu ruwan yana nan cikin tanka.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka