Lambar Sarkin Barci

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ni lafiyata lau, sai gwiwa, ita kuwa tsohuwar abokiya ce.

Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini kamar kullum, na kuma ce ya sa maganata yadda take, ko da a kansa ta faɗo.

Karena Sarkin Barci ba ya gida. Da hantsi ya je ya kwanta a gindin falwaya a bakin titinmu inda ya saba, motar masu kama karnuka ta zo ta ɗauke shi. Mai wankin mota da ke wurin ya ce ko haushi bai yi ba. Wai doka ce: kare ba ya fita sai da igiya a hannun mai shi, da shaidar rigakafi. Wanda aka kama, in mai shi bai zo ba, sai su ba wani. In tsoho ne da ba mai so, allura ɗaya ce, shi ke nan. To wa zai so karen da haƙoransa suka zube?

Ni na san titin nan tun yana fili ana jibge katako. Ni da karen nan muka yi gadinsa, ko falanki ɗaya bai ɓata ba. Yau shi ne baƙo a kansa.

Tela nake zargi da kai ƙara, don kare ya taɓa kwanta masa a kan yadin mutane. Ga shi nan yana rubutawa yana girgiza kai.

Ki sa mu a addu'a.
Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Ki kwantar da hankalinki, alhamdu lillahi, ya dawo.

Tela ya rufe shago ya raka ni ofishin masu kama karnukan, ban roƙe shi ba. Ɗaki ne mai warin magani, da benci dogo, da fanka mai kuka. Likitar dabbobin, sa'arki ce, ta tambayi shaida. Kin tuna 'yar lambar ƙarfen da suka ba mu ranar da kika matsa aka yi masa allura? Na ciro ta daga hankici, cikin ledarta, tana walƙiya kamar yau aka buga ta. Na ɗauka za a yaba mini. Sai ta dafe kai, ta ce ai a wuyan kare ake ratayawa, da tana wuyansa da har ƙofar gida za a kawo mini shi, a ja mini kunne kan igiya kawai.

Na ce mata kayan hukuma mai lamba ba a ɗaura wa mai birgima a kwata. Bajon gadina ma a akwati ya yi zamansa har na bar aiki. Har yanzu ban ga inda na yi kuskure ba, ba su yi bayani ba ne, kuma kada ki ce kin gaya mini.

Daga nan ta ce sai maƙwabci ya shaida bai taɓa cizon kowa ba. Na dubi Tela. Shi kuwa ya ce karen da ƙuda ke sauka a hancinsa ya rasa ƙarfin korarsa, ina zai samu na cizo? Har mai shara sai da ya yi dariya. Ashe ba wanda ya kai ƙara, motar zagayenta take yi. Tela ya ce in nemi gafararsa a cikin wasiƙar nan. Na ce ya rubuta cewa mutumin kirki ne, ya isa haka.

A kejin ƙarshe muka same shi, barci yake yi, mara kunya. Na kira shi. Ya buɗe ido, ya buga bindi a ƙasa, ya miƙe ƙafafunsa na rawa, ya zo ya ɗora kai a kan takalmina. Na so in yi masa faɗa, sai na ga ina shafa masa kai.

Na biya tara, na dangwala yatsa. Sharuɗɗan su ne igiya in za mu fita, in kwashe kashinsa in ya yi a titi, allura kuma duk shekara. Ni da furfurata ina bin kare da leda! Amma na yi alkawari, ni kuwa ban taɓa karya alkawari ba.

Tela ya ɗinka masa abin wuya da ragowar yadi mai kauri. Da safe mukan fita, shi da ɗingishi ni da sanda, masu shaguna suna tambayar wa ke jan wani. Yanzu haka yana kwance a kan ƙafata, lambar tana ƙara duk lokacin da ya juya. Ba na son ƙarar, amma in na ji ta na san yana nan.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki,
Tsohon mai gadi.